Léontine Mai Kiran Sunaye Ranar Litinin

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Garwa ranar Litinin da hantsi, ya bi ta layin masu atamfa, zai ga abin mamaki. Ƙarfe tara na bugawa sai ciniki ya tsaya cak. Mata su kara waya a kunne, wasu su haɗa kai uku-uku a kan waya ɗaya, mai saye ya yi ta tsayuwa da yadi a hannu ba mai kula shi. Muryar wata ma'aikaciyar meri ake saurare, Madam Léontine, tana karanto sunayen yaran da takardunsu na haihuwa suka fito. Meri ita ce ofishin hukumar gari, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Ba zan faɗi wace meri ba ce, don har gobe ina da buƙata a wurinsu.

Ni sunana Kaltumi, atamfa nake sayarwa a layin nan. Kakanninmu fatake ne daga Kano, suka zo Garwa suka ga wuri suka zauna. Akwai lokacin da aka tashi rufe wa matar nan baki, a raba ta da tagar da take zama, kuma abin da na yi a kan haka har yau in na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska. Amma bari in fara da ita tukuna.

A wani ƙauye bayan Pitowa aka haifi Léontine, a gindin dutse. Babanta manomin auduga ne, Kirista, ita ce ta bakwai a ɗakinsu, kuma ba wanda ya je ya rubuta haihuwarta. Yarinya ta taso da ƙwaƙwalwa, kullum ita ce ta ɗaya a aji. Sai da lokacin jarrabawar gama firamare ya zo aka ce kowa ya kawo akt, wato takardar haihuwa. Ba ta da ita. Ranar jarrabawa ta sa kayan makarantarta ta je ta zauna a gindin mangwaron da ke bakin aji, tana hango 'yan ajinsu ta taga suna rubutu. Ta ce mini ba ta yi kuka ba sai da ta ga yaron da kullum yake kwafar lissafinta ya fito yana murna.

Shekara guda ta rasa a haka. Bayan an sayar da auduga babanta ya kai ta asibiti, likita ya buɗe bakinta ya duba haƙora kamar mai sayen tunkiya, ya yi kintace. Kotu ta ba da takarda mai cewa an haife ta wajen 1974. Babu rana, babu wata. Har yau in an tambaye ta ranar haihuwarta sai ta ce, "Je ka tambayi likitan, shi ya ga haƙoran."

Hausa kuwa a kasuwar Pitowa ta Lahadi ta koye ta, inda take tallar gyaɗa in an taso daga coci. Hausar kasuwa ce, takan ce wa mace kai, ta ce wa namiji ke, ta zuba Fulatanci da Faransanci a ciki, amma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ta ba. Daga baya ta zo Garwa ta koyi buga tafireta, aka ɗauke ta a meri a shekarun nan da aka zabge albashi, ma'aikata suka koma neman na cefane a gefe. Ta yi aure a unguwar Poumpoumré, tana cikin mawaƙan cocinsu, shi ya sa muryarta take fita tas. Gajera ce, da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Tufafinta kuwa, a matsayina na mai atamfa sai in ce Allah ya shirye ta. Zanen bikin mata na takwas ga Maris kawai take ɗinkawa, na bana da na bara da na shekara goma baya, ko ƙyalle ba ta taɓa saye a wurina ba.

A bayan kujerarta akwai wani koren kabad na ƙarfe. Cikinsa takardun haihuwa ne da aka gama, aka sa musu hannu, ba a zo an karɓa ba. Uba zai zo ya rubuta haihuwa, a ce ya dawo mako mai zuwa. Ya dawo a ce ba a sa hannu ba. Ya sake dawowa a ce mai makulli ya fita. Daga nan sai ya yi zuciya, ko tafiya ta kama shi. Takarda ta fito bayan wata uku, ba wanda zai gaya masa, sai ta shiga kabad. A ƙofar meri kuma akwai wasu mutane da ke wuni a gindin darbejiya, ba ma'aikata ba ne, amma sun san kowace ƙofa. In ka ba su na goro sai takardarka ta fito a yini ɗaya, wadda dama tana nan kwance tun shekarun baya. An taɓa kawo kwamfuta ofishin, wuta ta yi mata wasa sau biyu, aka lulluɓe ta da zane aka ɗora mata tulun fure.

Ni na san Léontine a ƙarshen 2018. 'Yata ta fari tana ajin ƙarshe na firamare, aka ce ba akt ba jarrabawa. Babanta ya rubuta haihuwar tun tana jaririya, bai karɓo ba. Ga shi kuma yanzu yana can kasuwannin shanu na wajen Banyo, inda waya ba ta shiga sai ya hau tudu. Na ɗauki katina na shaida, na hau mashin na tafi meri ni kaɗai, ban ko yi tunanin abin da za a tambaye ni ba.

Na bi layi har na iso taga. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Jam na, Hajiya? Me ake so?"

"Takardar yarinya na zo karɓa."

"Bon. Sunan yarinya?"

Nan bakina ya mutu. A gidajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ita kuma wannan yarinya sunan surukata aka sa mata, uwar mijina, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Dada muke ce mata, tun ranar suna ban taɓa furta na gaskiyar ba. Na ce, "Dada."

"Dada ne a takarda?"

Na girgiza kai.

"To, sunan baba?"

Wannan ya fi na farko. Wace mace ce za ta tsaya a bainar jama'a ta kira sunan mijinta gatsau? Wani mutum a bayana ya yi tsaki ya ce in ban san abin da ya kawo ni ba in ba mutane wuri. Na juya zan tafi, raina a ɓace, ina jin haushin mutumin da haushin kaina.

"Tsaya," in ji ta. "Na fari ne?"

Na ce eh.

"Wace shekara? Da zafi ko da damina?"

Na ce 2006, ana tsakiyar zafi. Ta tashi ta buɗe koren kabad ɗin nan, ta ɗauko wani ɗauri duk ƙura, ta kira ni gefe ta ba ni benci. Ta ce, "Kai kar ka ce komai. Ni zan karanta. In na zo wurin, ɗaga kai kawai." Ta fara karantowa ɗaya bayan ɗaya, sunan yaro da na uba, a hankali kamar mai karatu a coci. A ta goma sha huɗu na ji sunayen gidana guda biyu sun fito daga bakin baƙuwa. Na ɗaga kai. Ta duba sunan uwa a takardar, ta duba katina, ta sa na dangwala yatsa, ta miƙo mini. Shekara goma sha biyu takardar tana kwance taku uku daga taga.

Ina ta godiya, ita kuwa hankalinta na kan ɗaurin da ke cinyarta. Ta ce shekara ashirin tana ganin mata suna zuwa taga su yi shiru su juya, tana ɗauka tsoron ofis ne. Ta ce, "Yanzu in na karanta sauran, wa zai ji?" Na ce ai mu matan layin atamfa muna da zaure a WhatsApp, inda muke sanar da biki da rasuwa da sabon kaya. Ta karɓi lambata ta rubuta a bayan hannunta.

Litinin ɗin da ta biyo, ƙarfe tara, sai ga saƙon murya. Ta yi sallama, ta ce ita ce Léontine ta tagar haihuwa, za ta karanta sunaye talatin, kowane da lambarsa. Wadda ta ji nata, ba sai ta faɗi suna ba, ta zo da katinta ta faɗi lamba kawai. Ta karanta da Hausa, ta maimaita bayanin da Fulatanci. Na tura a zaurenmu. Kafin azahar ya kai zauren masu kifi na bakin gada, ya kai na matan coci, ya kai Pitowa. Washegari mace tara suka je. Kowace ta tsaya a taga ta ce, "Ni ce ta bakwai," ko "Ni ce ta ashirin da biyu," a duba kati, a ba ta takardarta.

Haka aka yi ta yi fiye da shekara. Da wayarta take yi, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi. Kabad ya fara ramewa. Da ta ga ana saurare sai ta riƙa ƙara bayani a ƙarshe: takardun da ake zuwa da su, abin da doka ta ce a biya da abin da ba ta ce ba, da cewa duk ranar Alhamis shugaban meri, wanda muke kira Mer, yana karɓar koke-koken jama'a. Mu da aka haifa a garin nan ba mu taɓa sanin haka ba. Ba ta taɓa ambaton mutanen gindin darbejiya ba ko sau ɗaya, amma benci biyu daga cikin ukunsu suka zama na masu jiran mashin.

Abin da ya jawo mata matsala, magana ce ta minti ɗaya. Ta ce, "Yau ba sabon suna. Takardu tamanin suna kan tebur, wata biyu suna jiran sa hannu. Kar kowa ya wahalar da kansa zuwa, in an sa zan faɗa." Tausayinmu ta ji, don zafin Garwa ba abin wasa ba ne ga mai goyo. Amma wani ya ɗauki saƙon ya ɗora a Facebook, ya rubuta baƙar magana a kai, mutane suka yi ta zuba tasu, har wani daga Yaoundé ya bugo wa Mer waya.

Babban sakataren meri a lokacin shi ne Msiye Fulbert, mutumin kudu, shekararsa biyu da zuwa. Na daɗe ina zaginsa a zuciya, amma gaskiya ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsoron takarda, abin da ba a rubuta ba bai yarda da shi ba. Mutanen gindin bishiya suka same shi suka ce matar nan tana raba takardun 'ya'yan mutane ga matan da ko sunan yaran ba su sani ba. Ya laɓe ya duba da idonsa, ya ga mace ta zo ta ce "goma sha ɗaya" an miƙa mata takarda. Hankalinsa ya tashi. A ranar ya ɗauke Léontine daga taga, ya mayar da ita ɗakin baya inda ake tara tsofaffin rajistoci, ya hana ta sake aika saƙo.

Litinin uku muna kara waya a kunne ba komai. Ranar Lahadi da la'asar na je gidanta a Poumpoumré, na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na fara bambami, na ce za mu yi masa kaza da kaza. Ta bar ni na gama.

"Kaltumi, ban yi ƙarya ba. Amma shi ma bai yi ba. Ba ni da takardar izini, da kaina na fara."

"To shi ke nan sai ki zauna cikin ƙura?"

"Ƙura ba ta dame ni ba." Ta ajiye faifan. "An sa hannu a takardun nan tamanin. Fiye da rabi na 'yan ajin ƙarshe ne, kuma ƙarshen wata za a rufe rajistar jarrabawa. Iyayensu suna jira in ce su zo. Ni na ce kar su zo sai na faɗa."

Sai ta cire tabarau ta goge ido da gefen zane, ta ce ita ta san yadda gindin mangwaro yake. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji kunya, don tawa 'yar ta riga ta ci jarrabawarta tana sakandare, ina kwana lafiya.

Ranar Alhamis muka rufe rumfuna, mu wajen talatin, muka tafi ganin Mer. Léontine da kanta ta koya mana ranar, ba ta san za ta yi mata amfani ba. Aka shigar da mu wani zaure mai fanka ɗaya. Mer dattijo ne Bafulatani, fari, siriri, ya sha rashin lafiya a watannin nan, abin da ya jinkirta sa hannun ke nan. Ya zauna fuska a murtuke, don zagin Facebook ya taɓa shi. Msiye Fulbert yana gefensa da biro da rajista. Aka kira Léontine ta tsaya a jikin bango. Matan suka tura ni gaba, wai ni ce mai baki.

Na yi bayani iyakar iyawata, wani ma'aikaci yana juya wa Msiye Fulbert da Faransanci. Na ce matar nan ta fitar da 'ya'yanmu daga kabad, a mayar mana da ita. Msiye Fulbert ya saurara har na gama, sannan ya yi magana cikin ladabi, ana juya mini.

"Madam, na ji. Amma hukuma ba ta aiki da an ce. Ana zargin ma'aikaciyar nan da ba wa mutane takardun yaran da ba su sani ba. Ke kin karɓi takarda a hannunta?"

"Na karɓa. Ni ce ta goma sha huɗu."

"Rajista ba ta san goma sha huɗu ba. Faɗi sunan yarinyar da na ubanta, in buɗe a gaban kowa."

Maƙwabciyata a kasuwa ta buɗe baki za ta faɗa a madadina, ya ɗaga hannu. Ya ce a'a, uwar ita za ta faɗa, ai maganar ke nan. Ya riƙe biro yana jira, da zuciya ɗaya, bai san abin da yake nema a wurina ba.

Na dubi matan, kowace ta sunkuyar da kai, don duk wadda aka tambaya a cikinmu nan za ta tsaya. Na dubi Mer, yana kallon tebur. Léontine ta girgiza mini kai daga jikin bango, wai in bari. Na tuna uwata, wadda ta haifi tara ba a taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba. Na tuna surukata tana gida a kan tabarma tana jan carbi. Sai kuma na tuna yara arba'in da wani abu da takardunsu ke kwance a bayan bangon nan, da matar da ta zaunar da ni a benci ta ce kar in ce komai.

Na ce, "Sunanta Mairamu." Muryata ta fito kamar ba tawa ba. "Mairamu Ilyasu. An haife ta ranar Talata, cikin watan huɗu, 2006. Ni na haife ta."

Wata a bayana ta ce, "Innalillahi." Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, hawaye suna zuba, ban san ko na kunya ba ne ko na me. Ina jin Msiye Fulbert yana buɗe shafuka, ya ce, "Voilà, ga shi." Sai ya ga yadda zauren ya koma, ya tambaya ko ya yi wani laifi ne.

Mer ne ya amsa. Ya fara ce mini da Hausa, "Ya isa, 'yata. Zauna." Sannan ya juya ya yi wa sakatarensa magana da Faransanci, doguwa, murya ƙasa-ƙasa. Daga baya Léontine ta fassara mini. Ya bayyana masa al'adar, ya ce matan nan sun fi kowa sanin sunayen, faɗa ne ba sa yi. Ya ce shi ma ɗan fari ne, mahaifiyarsa ta rasu tana da shekara tamanin, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya ce laifinsa ne da ya yi shiru har aka kai nan, fushi ne ya rufe masa ido.

Msiye Fulbert ya ajiye biro. Ya taso har inda nake ya ce, "Pardon, Madam," sau biyu. Amma da yake shi ne, bai bar maganar takarda ba. A nan take ya tsara sharuɗɗa: za a sayi waya ta meri, da lambar meri, saƙo ya riƙa fita da sunan hukuma. Ba za a ƙara karanta sunan uba a duniya ba, sai sunan yaro da unguwa da watan haihuwa. Lambar da aka ba kowace takarda za a rubuta ta a littafi, a haɗa da katin uwa. Na so in ji haushinsa, sai na ga duk abin da ya faɗa daidai ne. Mer ya ce Léontine ta koma tagarta, kuma kar a jira Litinin, ta karanta tamanin ɗin nan yau.

Ashe wata daga cikinmu ta danna waya tana naɗa tun da na fara magana, ta tura a zaure. Kafin mashin ya sauke ni a ƙofar gida, muryata ta riga ni isa. Na shiga ina sanɗa. Surukata tana kan tabarmarta, ba ta ɗago ba, ta ce, "An ce yau an kira ni a meri, ga shi ban samu zuwa ba." Na durƙusa a gabanta. Ta bar ni na ɗan jima a haka, sannan ta ce in tashi in sha ruwa, ita ma tana da jikoki a cikin tamanin ɗin, 'ya'yan ƙanin maigidana. Shi kuwa maigidan sai bayan kwana biyu ya hau tudunsa na Banyo ya aiko da saƙo. Rabinsa dariya ce, ya ƙare da Allah ya yi mini albarka.

Dada na samu a bayan ɗakin girki, ta ɗauki wayar kakarta ta kara a kunne. Tana kaiwa ƙarshe sai ta mayar farko. Na tsaya ina kallonta har sau uku ba ta san ina wurin ba. Da ta gan ni ta yi saurin ɓoye wayar a bayanta, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Inna, ashe haka sunana yake a bakinki." Na ce ta tashi ta hura wuta, magariba ta kusa.

Yaran nan duk sun samu shiga jarrabawa, ban da biyu da iyayensu suka yi ƙaura. Ba zan ce meri ta gyaru ba. Kwamfuta tana nan da tulun furenta, ana ɗauke wuta, sa hannu yakan yi jinkiri, kuma benci ɗaya bai bar gindin darbejiya ba. Sai dai yanzu in an yi jinkiri ana faɗa, da lambar meri, kuma Msiye Fulbert ne ya sa aka ƙara wannan kafin a canza masa wurin aiki. Koren kabad ɗin ya koma wurin ajiye tsintsiya da bokiti. Na ji an ce wasu garuruwan sun aiko a koya musu yadda ake yi, Léontine ta ce ba wani abin koyo, a buɗe kabad a karanta kawai.

Ta kusa ritaya yanzu, ko da yake takan ce tunda kintace aka yi, wataƙila da sauranta. Kwanakin baya na kai mata turmin atamfa mai kyau, na ce don Allah ta huta da zanen takwas ga Maris. Ta karɓa ta yi godiya, ta ɗinka wa 'yarta. Na gaya mata cewa Dada ta canza waya sau biyu, kuma duk lokacin da ta canza, saƙon nan da na kama sunanta a ciki take fara kwashewa. Ta gyara zaren tabarau.

"Kin sake faɗa tun daga ranar?"

Na ce Allah ya kiyaye, sau ɗaya ma ya isa.

"Ya isa," in ji ta. "Tana da rana, tana da wata, ta kuma ji daga bakin uwarta. Ni ko ɗaya ban samu ba."

Ta duba agogon bango, tara saura minti ɗaya. Ta jawo ɗaurin takardun makon, ta gyara murya, ta danna wayar meri ta yi sallama. Na matsa gefe na ba matar da ke bayana wuri.